Kilo Biyun Zali

Larabar nan ba ta taɓa barin raina ba. Mu biyar ne a ɗakin horo na unguwar Treichville: Koci Bakari mai koyar da dambe, Awa da Mariyam, 'yan dambensa, Zali 'yar Alhaji Isufu mai albasa, haihuwar unguwar Biafra ta nan garin, sai ni Rabi, da yaran ke kira Tanti. Saura kwana tara gasa.

Ku da kuka zo bayana, ga yadda aikin yake. In gasa ta matso, ana kwashe 'yan matan a ajiye su a wani gida a unguwar 220 Logements, wata ɗaya da rabi. Ni ke dafawa, ni ke rabawa da ludayi, makullin kicin yana ɗaure a bakin zanena. Dambe aji-aji ne, kowa da nauyinta. Zali tana ajin kilo hamsin da bakwai. Ranar awo, in kin haura ko da kaɗan ne ba za ki hau fage ba, wahalar shekara ta tafi a banza. Shi ya sa kullum da safe kowa sai ta hau sikeli. Ni ban yi boko ba, lambar da ke fitowa ban san ta ba. Fuskar Koci nake kallo.

Mako biyu kafin wannan Laraba, Koci ya ce hannun Zali akwai sauri amma ba nauyi. Ya ƙara mata ƙarafan ɗagawa, ya mai da su sau huɗu a mako maimakon biyu. Yarinyar ba ta yi musu ba. Cikin kwana shida sikeli ya hau da kilo biyu.

"Tanti," in ji Koci a gaban yara, "ko idon ya fara tsufa ne? Akwai mai ciyar da yarinyar nan."

Shekara goma sha ɗaya ina aikin, ko ƙwayar sukari ba a taɓa shigowa da ita a bayan idona ba. Maganar ta ci ni. Na zazzage jakar Zali, na ɗaga katifarta, har bakinta na shinshina. Ba komai.

"Wallahi Tanti ban ci ba. Cinyoyina ne suka kumbura, taɓa ki ji."

"Ban zo tausa ba. Wa ke kawo miki?"

Awa ta ce ƙila aljaninta ne ke fita cin aceke, dambun rogon nan, da kifi a bakin tasha. Aka yi dariya, ban da Zali.

Ranar Lahadi iyaye ke zuwa ganin yara, sai zargina ya faɗa kan uwarta, Hadiza. Na hau woro-woro, taksin da ake hawa a haɗe, har Biafra. Gidan haya ne, iyali ya kai takwas. A gaban matan gidan na ce in tana son 'yarta ta ci gasa, ta daina ɓoyo mata kilishi cikin zane. Tana wankin shinkafa, ta ɗago.

"Yaya Rabi, damben nan ko sonsa ba na yi, amma ban taɓa yi wa 'yata zagon ƙasa ba."

Na ce ai ɓarawo ba ya cewa shi ne, na fita.

Kafin wannan aiki na yi shekaru ina awon busasshen kifi a kasuwar Adjamé, na san ruwa shi ne nauyi. Na mai da abincin Zali rabin ludayi, na cire gishiri, na ɗauke gorarta, kofi uku a yini. Koci ya sani bai hana ba, shi ma ya sa ta gudu cikin rigar leda. Abin da ban sani ba, Zali ta sayi ƙwayar sa fitsari wurin masu tallar magani a faranti. Duk sa idon nan nawa, abinci nake gadi.

Safiyar Laraba sikeli ya sauko. Koci ya yi murmushi, ni ma na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Leɓunan Zali sun tsattsage, na gani. Da hantsi ta duƙa da ƙarfe a kafaɗa, ta kasa miƙewa. Ƙafafunta suka murɗe, ta kife. Koci da Mariyam suka ɗage ƙarfen. Na ɗura mata ruwa, ya dawo. A cikin taksi kanta yana kan cinyata, ta buɗe ido.

"Tanti, nawa ya nuna yau?"

A asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi me aka canja a horon, Koci ya faɗa. Ta ce duk wanda aka ƙara wa ɗaga ƙarfe farat ɗaya, tsokarsa tana jin jiki, sai ta riƙe ruwa tana gyara kanta. Ba kitse ba ne. Da an bar ta tana ci tana sha, an ɗan sassauta mata, da nauyin ya sauka da kansa. Yanzu kuwa ƙoda ce ta taɓu.

"Wa ya hana ta ruwa?"

Koci ya dubi takalminsa. Na ce ni ce.

Zali ta yi kwana goma sha biyu a kwance. Ta tashi, amma ba ta sake sa safar dambe ba. Yanzu tana shagon babanta. In mun haɗu sai ta rusuna ta gaishe ni, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ku ji. Sikeli yana faɗin nawa, ba ya faɗin mene ne. In yarinya ta ce taɓa ki ji, ajiye ludayi ki taɓa. Kuma ranar da kika ga sunanki kike karewa ba yarinyar ba, ki miƙa makulli ki tafi gida, don ranar kin fi sakaci haɗari.

Washegarin faɗuwarta, ranar Alhamis, na isa Biafra da sassafe, lokacin da matan gidan ke layin famfo. Na tsaya inda na tsaya rannan, na ɗaga murya yadda na ɗaga rannan. Na ce Hadiza ba ta kai wa 'yarta komai ba, Zali ba ta ci komai ba, ƙarya na yi musu, kuma ni na kwantar da ita.

Hadiza tana ɗaure kwanon kokon da za ta kai asibiti a tsumma. Ba ta ba ni kujera ba.

"Su sun ji," ta ce. "Ita fa?"

Ta ɗauki kwanon ta wuce. Na bi ta a baya. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in koma ba.