Baba Sannu da Hawan Tudu Ran Farin Dango

Shekara da shekaru, in gari ya waye, Baba Sannu yakan fito da gwangwanin mai a hannu, tsumma na leƙowa daga aljihun baya, ya nufi rumfar da ake kwantar da kan jirgin ƙasa. Ba ya hawa sai ya zagaye shi. Ya ɗiga mai a nan, ya goge can, ya kai bayan hannu ya taɓa ƙarfe kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Matarsa takan ce, "Da ni ake lallaɓawa haka, da har yau ban tsufa ba." Shi kuwa sai ya ce ai ita ba ta tsatsa.

A watan nan ya ajiye aiki. Shi ne na ƙarshe a layinmu da ke tuƙa jirgin ƙasa mai cin kwal yana fitar da tururi. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, amma ban taɓa jin labarin bajintarsa daga bakinsa ba. Wanda ya ba ni shi ne abokin aikinsa mai zuba kwal a wuta, wanda kowa ke kira Shebur.

Bayan wata gada akwai wani dogon tudu da direbobi ke shakka. Jirgi mai nauyi in ya tsaya a tsakiyarsa, ba ya sake tashi. In kuma aka fizge shi da ƙarfi, mahaɗin taragu na iya tsinkewa, na baya su gangara da duk wanda ke ciki. A shekarar da farin dango suka cinye gonaki, aka loda wa Baba Sannu hatsi ya kai garuruwan da ke bayan tudun, inda yunwa ta fara kwantar da yara. A wutsiyar jirgin kuma aka maƙala taragon fasinja.

Shebur ya ce sun fara hawa lafiya, rana tsaka, sai suka ga layin dogo ya ɓace. Fari ne suka rufe shi. Ƙafafun jirgi suka murƙushe su, ƙarfe ya koma kamar an shafa masa man shanu. Ƙafafun suka shiga juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi na tashi, jirgi na neman tsayawa. Suka saki yashin da injin ke zubawa a kan layi don hana santsi, ba a jima ba ya ƙare.

"Na ce masa, Direba, buɗe tururin duka mu ƙwace," in ji Shebur. "Bai ko dube ni ba. Ya ce, 'In jaki na santsi, bulala ba ta ƙara masa ƙafa. Cika min wuta, ka sauka da sheburinka.'"

Sai ya rage tururi, har jirgin ya koma tafiyar tsohuwa. Shebur ya dira ƙasa, yana kwasar ƙasar gefen hanya yana watsawa a gaban ƙafafun. Baba Sannu kuma ya kama igiyar usur ya yi ta ja. Matan ƙauyen da ke gindin tudun suka fito ganin abin da ya faru. Ya leƙo ta taga ya ce, "Iyayena, ku taimake ni da tsintsiya da yashi. Abincin 'ya'yan wasu ne a bayana."

Gwaggona na cikinsu, ta kuma tabbatar min. Wasu na share fari daga kan ƙarfe, wasu na juye yashi da kwanon wanki, jirgi na binsu a baya yana nishi. Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne hannun Baba Sannu a kan sandar tururi. In ƙafa ta zame ya sassauta, in ta kama ya ƙara kaɗan, kansa a karkace yana sauraron injin. Haka suka rarrafa har ƙwanƙolin tudu. Ko buhu ɗaya bai faɗi ba, mutanen taragon baya ma wasunsu ba su san an sha da ƙyar ba.

Da na tambayi Baba Sannu, cewa ya yi, "Mata ne suka haye da shi. Ni zama kawai na yi a inuwa." Shebur da ke gefe ya ce, "Inuwar da ta ƙone maka gira?"

Baba, kai ne mai haƙurin da ya fi kwal ƙarfi. Ka ɗauki kayan da ba naka ba, ka kai wa mutanen da ba su san fuskarka ba. Akwai magidanta yau, da 'ya'ya da jikoki, waɗanda hatsin ranar nan ne ya tsallakar da su. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri.

Ku kuma matasa da aka damƙa wa sitiyari ko wani nauyin jama'a, ku koyi sassauta hannu in hanya ta yi santsi, kada ku ji kunyar kiran masu tsintsiya. In kun gan shi zaune a ƙofar gida, ku tsaya ku gaishe shi. Amma ku zagayo ta damansa ku ɗaga murya, don kunnen hagun ya bar shi a cikin injin.