Sufa Gulu a Dunduniya

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa kama ni aka yi saboda shirun wata biyu, ku kwantar da hankalinku. Asibiti na kwanta.

Kun san sana'ata, wankin adaidaita sahu a Fagge. Wuni nake a ruwan sabulu da silifas. Dunduniyata ta yi faso har tana jini. Sai na bi dabarar 'yan garejinmu, na ɗiga sufa gulu a tsagar na matse.

Ashe datti na rufe a ciki.

Kwana huɗu ƙafa ta kumbura, ga zazzaɓi. Na shigo gida ina ɗingishi, yayata Falmata ko ɗagowa ba ta yi ba. "Modu, yau kuma wa za a yaudara?" Ba laifinta ba ne, na taɓa naɗe hannu da bandeji don kar a sa ni jan ruwa. Sai da ta taɓa goshina ta ɗauko mayafinta, muka nufi asibiti.

An ɗebi jini, an gwada suga, babu. Likita ya danna wurin ya ce, "In ya kai ƙashi, magana ta canza." Na gane nufinsa. Ranar ban tsokani kowa ba, kaina kawai nake hangowa da sanda.

Aka tsaga, aka fitar da mugunya. Kwana tara ana allura, wankin ciwo kullum da safe ina cizon filo. Kuɗin magani ya cinye wayata, wannan da nake muku rubutu da ita ma ta Falmata ce.

Bai kai ƙashi ba. Alhamdu lillahi.

Da ciwon ya rufe, nas ta rubuta min man shafawa mai lanolin. Na kai takardar kemis a Sabon Gari, Madam Nkechi mai shagon ta ce maiƙo ne da ake tacewa daga gashin tumaki bayan an yi musu aski.

Na ce, "Madam, to in je Rijiyar Lemo in goga ƙafa a tunkiyar kakata mana, kyauta."

Ta ce, "Je ka, yarona. In ta cika maka ƙafa da kaska, ina da maganinsu."

Na saya. Safe da yamma nake shafawa, fata ta yi laushi, na koma aiki da takalmin roba mai tsawo.

Na gode wa Allah, na gode Yaya Falmata, da 'yan garejinmu da suka yi ta sintiri.

Masu faso, a fara gwada man a hannu, wasu yana sa musu ƙaiƙayi. Kar a shafa a buɗaɗɗen ciwo. In wuri ya kumbura ko ya yi zafi, a tafi asibiti a ranar.

Sufa gulu kuma a bar wa takalmi.