'Yar Gulmar da Yaya Sani Ya Bar Mana

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, mai gyaran wuta a Tina Junction. Rashin lafiya ce ta ɗauke shi, Allah Ya jiƙansa. Sai dai ya bar wata aba a bangon ɗakin Innarmu a Dutse Uku wadda ta hana mu sakewa da mantuwa.

Na'ura ce fara kamar murfin kwano, mai shinshino gubar da gawayi da janareta ke fitarwa, gubar da ba ta wari, ba a ganinta, sai dai mutum ya kwanta bai tashi ba. Da wayar wutar gidan ya haɗa ta, ya sa mata batir saboda ɗauke wuta. Inna ta raɗa mata 'Yar Gulma, don duk ranar da sanyin Jos ya sa ta shigo da kaskon garwashi ta rufe taga, sai na'urar ta kwarmata wa unguwa. Yaya kuwa in ya zo, kafin ya gaida kowa sai ya danna maɓallinta ya ji ihunta. Haushi muke ji, shi ko a jikinsa.

Kwanan baya ta fara wani ɗan kuka a kai a kai. Na canja batir, na goge ta, ba ta daina ba. Na kira Pam, abokin aikin Yaya. Ya ciro ta ya duba bayanta.

"Hajiya, kwananshi ya ƙare. Hancin abin nan yana mutuwa, sai sabo."

Na ce ba mai taɓa ta, hannun Yaya ne ya kafa ta. Pam ya dubi katifar jikokin Inna da ke kwana a ɗakin.

"To in gubar ya shigo, wa zai tashe su?"

Kewar Yaya ta kama ni. Da yana nan, dariya zai yi mini: ashe mataccen hanci zan rataye don tunawa da shi?

Pam ya kafa sabuwa, ya ce, "Kan abin kawai na canja. Waya na Sani ne, yana nan daram."

Yanzu kasko a tsakar gida yake kwana. Duk Juma'a Inna ce da kanta ke miƙa sandarta ta danna maɓallin. Idan ihun ya tashi, jikoki su toshe kunne, ita kuwa ta ce, "Mun ji, Sani, mun ji."