Malamar da ta koyi Fulatanci a zaure

Shekara goma sha tara ke nan da Allah Ya karɓi ran 'yata. Ita ce ta fari, ba zan iya rubuta sunanta ba. Malama ake ce mata. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da ni.

Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci aka tura ta wata firamare a hanyar Mai'aduwa, inda 'ya'yan ruga suke da yawa. Yaro zai zo da Fulatanci a bakinsa, a yi masa faɗa da Hausa, a yi masa jarrabawa da Turanci. In ya yi shiru, a ce kansa ba ya ja.

Akwai wani Ja'e da ta sha ba ni labarinsa. Ranar da aka kawo shi, wani malami ya tsayar da shi gaban aji ya ce ya faɗi sunan ubansa. Yaron ya sunkuyar da kai. Aka yi masa bulala, bai faɗa ba, bai yi kuka ba. A rugarsu ɗa ba ya kama sunan mahaifi. Tarbiyyar gidansu aka dake shi a kanta. Ranar Malama ba ta ci tuwo ba.

Daga nan ta riƙa tsayar da masu tallan nono a zaurenmu, tana koyon gaisuwa da ƙirga, suna ta yi mata dariya. Hedimasta ya ja mata kunne, wai makaranta ba ruga ba ce. Ta ba shi haƙuri, ta ci gaba, amma da murya ƙasa-ƙasa. Ja'e ya fara haɗa baƙi. Da ta rasu wajen haihuwa, bai ƙarasa shekarar ba ya koma kiwo.

Yau an yi wa makarantar fenti da sabon kwano. Na tambaya, an ce har yanzu babu malami mai jin Fulatanci. Da tana nan, na san ba rufin za ta fara dubawa ba.

Kwanan baya Ja'e ya kawo bijimi kasuwar Daura, ya biyo gaishe ni da ɗansa a hannu. Har yanzu shi ke karanta wa rugarsu rubutun kwalbar maganin shanu. Abin da ya rage na aikinta ke nan, kuma ban raina ba.

Na roƙe shi ya sa yaron makaranta. Ya ce, "Inna, in na kai shi, wa zai ji shi?"

Na yi ta neman sunan malami ɗaya da zan ba shi, har suka yi mini sallama.