Kwalbar Shaida

Shekarun baya, ina sabon shiga aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, rigima ta tashi a unguwarmu ta Likoro a kan rijiya. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke yi wa mutane feshin maganin ciyawa a gonakin masara, kuma idan ya dawo a gindin rijiyar yake wanke tankinsa. Mata suka fara cewa ruwan ya sauya ɗanɗano. Magana ta kai wajen mai unguwa, har wasu suka ce a daina ba Kawu aiki. Daga rijiyar nan rabin unguwa ke sha, har da gidanmu.

Ni kuwa lokacin ji nake ba abin da ya fi ƙarfina, sai na ce a bar mini.

Aikin namu sunansa kromatografi. Ana tace ruwa, a tura ɗan ɗigo cikin wani siririn bututu, sai kowane sinadari ya fito ta ɗaya bakin a nasa lokacin, kamar watsewar kasuwar Makarfi, mai ɗan ƙunshi a gaba, mai buhu a baya. Kwamfuta tana jan layi, idan wani abu ya fito sai layin ya yi tsini. Maganin da Kawu ke fesawa mun san lokacinsa, wajen minti na bakwai yake fitowa, ko da bai kai yawan da harshe zai ji ba.

Na taho gida da kwalabe biyu. Ɗaya fanko ce, ta ɗebo ruwan rijiya. Ɗayar, wata baƙa, cike take da tataccen ruwan ɗakin gwaji, aikinta kawai ta je ta dawo ba a taɓa ta ba. Mukan ce mata kwalbar shaida, don idan aka ga wani abu a cikinta, to dattin daga hanya ne ko daga hannunmu. Da mahaifiyata ta tambayi me ke ciki, maimakon in yi mata wannan bayanin, sai na ɗaga kwalbar na ce duk faɗin ƙaramar hukumarmu ta Kudan babu ruwa mai tsabtar wannan. Na bar jakar a ɗakinta na tafi gaishe-gaishe.

Da aka saka samfuran a na'ura, ruwan rijiya ya yi tsini a minti na bakwai. Sai kuma kwalbar shaida ta yi irinsa, tsayi ɗaya, wuri ɗaya. Shugabata, wata mata 'yar kudancin Kaduna da ba ta da yawan magana, ta duba ta ce, "Ba ka da sakamako. Ka koma ka sake ɗebowa."

Abin da ba ta sani ba, ni na riga na yanke hukunci. Tunda har shaida ta nuna, ai dattin namu ne, ba na rijiya ba. Na fita waje na buga wa Kawu waya na ce na'ura ta wanke shi. Ranar ya je wajen mai unguwa da labarin, kuma ya ci gaba da wanke tankinsa a inda ya saba.

Sai bayan mako biyu na koma gida da sababbin kwalabe, shi ma don Madam shugabata ta dame ni ne. Mun gama gaisawa ke nan mahaifiyata ta ce, "Ka zo mini da ruwan nan naka? Idon babanka ya ji daɗinsa."

Na ce, "Wane ruwa, Inna?"

"Na baƙar kwalba mana. Ba kai ka ce babu kamarsa ba? Na juye a kofi ina wanke masa ido."

"To ai cike na same ta."

"Ni na cika maka daga randa. Haka kawai ka kawo mana abu mu mayar maka da kwalba fanko? Ba a yin haka."

Na san daga inda ake cika randar. Ashe ruwan rijiya na auna sau biyu, na sa shi ya yi wa kansa shaida.

Wannan karon kwaɗo na sa wa jakar. Kwalbar shaida ta ja layi sumul, ta rijiya ta sake yin tsininta. Na ɗauki takardar na tafi da ƙafata. Na iske Kawu a zaure yana gyara bakin feshi, muka gaisa har da tambayar gona da iyali, ni ina ta ja don kada a zo wurin. Da na faɗa masa, ya daɗe yana kallon layin da bai san karatunsa ba.

Ya ce, "Wancan karon ba injin ne ya ce ba ni da laifi ba?"

Na ce, "A'a Kawu, wancan karon ni ne na ce."

Bai yi mini faɗa ba. Ya sa hularsa ya ce in biyo shi wajen mai unguwa, in faɗa da bakina kamar yadda na faɗi na farko. Aka yashe rijiyar, mata suka koma fanfon burtsatse mai nisa, Kawu ya mayar da wankin tankinsa can bakin gona. Daminar nan mutane da dama ba su kira shi feshi ba. Da a ce tun farko gaskiya na kawo masa, da abin ya tsaya a kuskure, amma wayata ta sa aka ɗauke shi maƙaryaci.

Yanzu ni nake koya wa sababbin ma'aikata, kuma kwalbar shaida nake fara nuna musu. Nakan ce su kulle ta, su kuma yi wa mutanen gida bayaninta. Ban cika gaya musu sauran ba, wato na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, ni ne na ga tsini biyu na zaɓi fassarar da za ta yi wa ɗan'uwana daɗi. Har yau ina jin kunyar mako biyun nan, don duk tsawonsu mahaifiyata daga randar nan take sha.