Wurin da Kakana Ya Ce Mai Fiyano Ta Tsallake

Kakana bakaniken injin ban-ruwa ne a Ikara, kuma da kunne yake aiki. Manomin rake zai ɗauro injinsa a bayan babur tun daga Makarfi, mai tumatir ya taso daga fadamun Hunkuyi, su sauke a gaban rumfarsa. Ba zai taɓa ko sifana ba, sai ya ce, "Tayar da shi." Injin ya yi ta ɓaɓatu, shi kuwa ya karkata kai yana kallon ƙasa. Can sai ya ɗaga hannu a kashe, ya ce boris ne, ko kuma ringi ya cinye. A kwance injin a tarar haka ne. Na taso ina ganin wannan, kuma ban taɓa jin kalmar "wataƙila" ta fito daga bakinsa ba.

Yana da wani kaset guda ɗaya da ya fi ƙauna a duniya. Wani injiniya Bature da ya yi wa aiki tun yana saurayi ne ya bar masa da zai koma gida. Kiɗa ne zalla, ba waƙa ba kirari: fiyano ɗaya a gaba, a bayansa makaɗa cike da ɗaki, masu goge irin na Turawa da masu sarewa da masu ƙaho. Kashi uku ne. Na farko da ƙarfi yake shigowa, na tsakiya a hankali, na ƙarshe da gudu. Kakata, Allah Ya jiƙanta, kiɗan juyin mulki take ce masa, in ya kunna sai ta leƙo ta tambaya wa aka hamɓarar yau. Shi kuwa cewa yake fiyano ne maigida, sauran 'yan amshi ne, kuma kowa a cikinsu yana shigowa daidai lokacinsa kamar inji mai lafiya.

Ni ce babbar jikarsa mace, don haka ni ce "amarya", shi ne "angona", kuma tun ina ƙarama nake da lasisin faɗa masa abin da ubana ko a mafarki ba zai faɗa ba. In na ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ya ce da ni mummuna wadda ba ta iya tuwo ba, shi ke nan mun gaisa.

Wata rana rediyonsa ya cinye zaren kaset ɗin, ya tauna shi yadda ko biro ba zai iya naɗe shi ba. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Makarfi, ina dawowa gida duk Juma'a da yamma. Na same shi zaune da ɓawon kaset a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na karɓa, na kwafi sunan da ke jikin takardar, na rubuta a wayata. Ashe wanda ya tsara kiɗan ya bar duniya tun kafin a haifi kakan kakana, kuma tun daga lokacin mutane ke ta buga shi ana ɗauka, maza da mata, ba iyaka.

Da farko ƙin yarda ya yi. A wurinsa kiɗa na mai shi ne, duk wanda ya buga bayansa ɗan kwaikwayo ne irin na gidan biki. Na ce masa a rubuce abin yake, kowa dubawa yake ya buga. Ya ce to ai sai su fito iri ɗaya, me za a kwatanta? Na ce angona, bari dai ka ji.

Ɗauka uku na sauko da su a wayata, na sayi 'yar ƙaramar sifika. Akwai tsohuwar ɗauka, mai shuuu a bayanta kamar ana suyar ƙosai, wadda da jin buɗewarta ya daki cinya ya ce wannan ce tasa. Akwai ta wani matashi. Akwai kuma ta wata mata, sabuwa fes. Muka mayar da hantsin Asabar lokacin shari'a, a kan benci a bakin rumfa, kafin masu inji su fara sauka.

Matashin bai kai ko'ina ba. Kakana ya saurari kashin farko ya ce, "Wannan ɗan acaɓa ne ya hango fasinja. Ina za shi?" Kuma gaskiyarsa, yaron gudu yake har 'yan amshin suna binsa da haki. A wurin da tsohon mai fiyano yake ɗan dakatawa kafin ya sauke hannu, kamar mai sallama a ƙofar gida, shi faɗowa kawai yake. Muka sallame shi a mako na biyu, ba wanda ya yi kewarsa.

A kan matar muka raba gari. Ni dai ta tafi da ni. Hannunta na hagu yana da nauyi, na dama kuwa kamar ba ya taɓa komai, kuma ba ta kokawa da makaɗan, hira take da su. Tsohon nasa, in za a faɗi gaskiya, yana dukan fiyano kamar ya yi masa laifi, har akwai wuri biyu da yatsansa ya zame. Na nuna masa. Ya ce zamewar gwani ta fi daidaiton ɗan koyo. Amma ya amsa cewa matar ta iya kashin farko, ya ma ce ƙarshenta ya fi na mutuminsa tsabta, abin da ban zaci zan ji ba.

"Sai dai maha'inciya ce," in ji shi.

"Ha'incin me, tsoho?"

"Kashin tsakiya. Wurin da fiyano yake hawa sama shi kaɗai, a hankali, kafin sarewa ta amsa masa. Nan ne zuciyar abin gaba ɗaya. Ita sai ta yi shiru, su duka su yi shiru, sai can su dawo. Ta tsallake. Ba ta iya ba ne, ta ɗauka ba za a gane ba."

Na mayar da wurin na sake kunnawa. Ga sautin fiyanon nan ina ji, ɗaya bayan ɗaya, siriri, a sama can, a hankali ƙwarai. Ba ta bar ko ɗaya ba. Na dube shi. Ya karkata kai yadda yake yi wa inji, yana jira, sannan ya watsa hannu ya ce, "Kin ji ko? Shiru."

A nan na fara ganewa. A tsohuwar ɗaukar, sauti mai ƙarfi da mai taushi kusan kai ɗaya suke fitowa, ga shi kuma ya haddace ta shekara da shekaru. Ita sabuwar, in an yi ƙasa da sauti to an yi ƙasa da gaske. Nan take na tuna sallamar da ake yi masa sau biyu kafin ya amsa, da yadda ya koma kallon bakin mutum in ana magana. Na kashe sifikar.

Da na sami ubana da maganar, bai yi mamaki ba. Ya ce tun damina suka lura, shi da ƙannensa. Inji biyu sun dawo bayan gyara, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma manoma sun fara wucewa da nasu wata rumfar a ɓoye don kada ya gani. Na ce to me kuke jira, ba za ku kai shi asibiti ba? Ya ce, "Wa zai dubi idon Baba ya ce masa ba ya ji? A bar kaza cikin gashinta." Raina ya ɓaci. Na ce kunyarku za ta bar shi ya zubar da sunan da ya yi shekara hamsin yana ginawa. Sai ya ce, "Ke ce mai wasa da shi."

Matsalar ke nan. Na sha ce masa kurma tun kunnensa yana jin tafiyar kiyashi. In na faɗa yanzu dariya zai yi, ya ce mummuna ta fara. Wasan da ya ba ni baki shi ne kuma ya hana a ɗauki maganata da gaske. Amma na san abu ɗaya game da kakana: ba ya musu da ƙarfe.

Asabar ta gaba na zo da sifikata, na wuce cikin rumfa na ɗauko doguwar sukundireba. Ƙananan kanikawa sukan ɗora bakinta a jikin inji, su manna ƙotar a bayan kunne don su ji abin da ke ciki. Shi bai taɓa yi ba, sandar makafi yake ce mata.

"Me za ki yi da wannan?"

"Shari'a za mu ƙarasa. Ka ce matar nan ta tsallake, ni na ce ba ta tsallake ba. Ɗora a jikin sifika ka ji cikinta. In shiru ne, na yarda ban iya tuwo ba har abada."

Ya yi dariya ya karɓa, don ya tabbata shi ke da nasara. Na kai kashin tsakiya, na bar shi ya tafi. Ya ɗora bakin ƙarfen a jikin akwatin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Makaɗan suka yi ƙasa. Fiyano ya fara hawa.

Na ga lokacin da ya ji. Dariyar ta tsaya a fuskarsa, leɓensa ya soma motsi yana bin sautin da ya sani. Ya ɗaga ƙarfen daga jikin sifikar, ya saurara da kunne kawai. Ya mayar. Ya sake ɗagawa. Sau uku ya yi haka, kamar yadda yake gwada fulogi, kuma ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Na so in yi wata tsokana in rage nauyin abin, na rasa.

Ya ajiye sukundireba a cinyarsa.

"Ashe na ɗauki alhakin baiwar Allah," ya ce. "Ta buga. Ta ma fi shi bugawa."

"Ta buga, Kaka."

Ya dube ni, don rabon da in kira shi haka har na manta.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Su Baba tun damina. Ni makon jiya."

"Kuka bar ni ina cika baki a gaban mutane."

"Ba wanda ya isa ya faɗa maka."

"Ke fa?"

"Ni ma ka ga sai da na nemo mai faɗa maka."

Ya juya yana kallon titi. Wani mai babur ya wuce da inji ɗaure a baya, ya rage gudu ya ɗaga hannu ya gaishe shi, bai tsaya ba. Kakana ya amsa gaisuwar, ya bi shi da ido har ya sha kwana.

"Ranar Litinin kina da aji?"

"Ina da shi, amma zan nemi izini."

"To ki ce wa ubanki ya zo da mota da sassafe, mu je asibitin Zariya a duba kunnen. Ke za ki zauna kusa da ni." Ya gyara hularsa. "Kuma ki gaya masa kada ya ce min komai a hanya."