Leburori Masu Ƙaho

Ban taɓa mantawa da ranar da shef ɗinmu, shugaban aikinmu, ya kira ni biro, wato ofis, ya ce in hau babur in je in share wani fili a ƙauyen da ke gaba da Tunuga ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a wani furoje, shirin raya karkara, da ke taimaka wa ƙungiyoyin mata da lambun rani, bironmu yana nan Gaya. Ni animatar ne, wato mai kai saƙo ƙauye ya dawo da rahoto, abin da muke kira rapor.

Ƙa'idar furojen ita ce, ba a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, sai an share fili, an kewaye shi da shingen waya da muke kira giriyaji, manya daga Doso sun zo sun gani da idonsu. In ranar ta zo ba a gama ba, sai a ba wani ƙauye forajin. Matan nan kuwa shekara uku suna jiransa. Saura mako huɗu, a ƙarshen watan Oktoba, katafilar da aka yi mana alkawari ta lalace a hanya.

Na je na ga filin. Sarƙaƙiya da ɗunɗu da magarya sun haɗe kai, ko zomo sai ya yi shawara kafin ya shiga. Magidanta takwas suka faɗa masa da adda. Kafin azahar rigunansu sun zama tsumma, abin da suka sare bai kai shimfiɗar tabarma biyar ba.

Shugabar matan, wata dattijuwa da ake kira Inna Gambi, ta same ni zaune ƙarƙashin tsamiya na yi tagumi. Mushe suke ce mini, kamar a ce Malam da Faransanci.

“Mushe Sani, kai dai ba ka da zance sai katafila. Ba ka ga awakinmu ba ne?”

Na ce, “Inna, wasa kike yi?”

Ta ce akuya za ta cinye ganye da tofo har ta ɓare ɓawo, daji ya yi haske, mai adda ya ga gindin da zai sara. Amma a yi maza kafin 'ya'yan itatuwan su nuna, in ba haka ba awakin za su sake shuka mana ƙayar da kashinsu.

Muka yanki gefe guda muka kewaye da giriyaji, muka zuba awaki talatin da biyar. Kwana biyu suna kwance a inuwa suna tuƙa, suna kallona. Ashe matan ne ke cika su da dusa da sassafe, don tausayi. Na tara taro na kafa doka: daga yau babu akuyar da za ta karya kumallo a gida. Wata mata ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, kai ma da yunwar za ka riƙa zuwa?” Dole na ce e. Daga ranar aiki ya kankama. Awaki na miƙewa da ƙafa biyu suna zazzage rassa, mazan na bin bayansu da adda, in an gama gefe mu matsar da waya gaba.

Kuskurena a takarda ya faru. Kowace Juma'a muna cike fom ɗin rapor, akwai gurbin da aka rubuta yawan ma'aikata, babu gurbin dabbobi. Na ji kunyar shef ya yi mini dariya, sai na haɗa takwas da talatin da biyar, na rubuta arba'in da uku. A ƙasa na ƙara da cewa ma'aikatan ba sa hutu, a wurin aiki suke cin abinci. Mako uku ina rubuta haka. Shef ya yaba, ya aika Doso.

Ranar dubawa katkat biyu, manyan motocin nan na shiga daji, suka tsaya. Shugabar furoje ta jiha, Madam Hadiza, ta fito ta yi wa mata fofo, wato sannu da Zabarmanci, ta sa aka sauke kwalaye: takalman roba da safar hannu na mutum arba'in da uku. Ta ce ba ta taɓa karanta labarin jajirtattu irin waɗannan ba, tana so ta gaisa da kowa hannu da hannu.

Magidanta takwas suka jeru. Ta ce, “Sauran fa?”

Inna Gambi ba ta jira ni ba, ta je ta buɗe ƙofar waya ta yi kira. Sai ga su sun bulbulo a guje, bunsurunta a gaba. Ya tsaya daidai gaban Madam, ya zaro safar hannu daga kwali, ya fara tauna.

Rapor na ƙarya laifin kora ne a wurinmu. Shef ya matso kunnena ya ce, “Sani, ka kashe mu.”

Inna Gambi ta leƙa kwalin takalma, ta girgiza kai, ta ce, “Madam, mun gode. Amma ba za su isa ba, kowane ɗaya ƙafa huɗu gare shi.”

Madam ta dubi bunsuru, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa mota. Da ta lafa, ta zagaya filin kusurwa-kusurwa, ba ta sami gindin ƙaya ko ɗaya ba, ta sa hannu a takardar foraj. Sannan ta ja ni gefe, fuska a ɗaure. Ta ce in sake rubuta rapor ɗin uku da gaskiya, in kuma amsa takardar neman bayani cikin kwana biyu. Na amsa, aka yi mini gargaɗi a rubuce. Takalman aka raba wa matan, da su suka yi ban ruwan albasar farko.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abu biyu na ɗauka daga wannan fili. Kafin ka kira biro kana kukan kayan aiki, ka tambayi tsohuwar da ta girme ka a wurin. Kuma abin da ka ji kunyar rubutawa, shi ne za ka zo ka yi bayaninsa a tsaye, gaban jama'a, yana tauna kayan gwamnati. Har yau in na ratsa kasuwar Gaya, sai in ji wata mai albasa ta ɗaga murya: “Mushe Sani, ya ma'aikata?” Ni kuwa sai in ce suna nan lafiya, biyu ma sun haihu.